Ramin Masu Neman Nikel a Gonata

Jama'a, ku yi mini jaje, amma wanda zai yi dariya ya juya baya tukuna. Shekaranjiya da hantsi na faɗa rami a cikin gonata, gonar da na sani kamar yunwar cikina. Na je duba ko ruwan farko ya jiƙa ƙasa yadda zan yi shuka, ina tafe ina kallon hadari, sai ji na yi tsundum, ruwa har ƙirji. Maƙwabcina mai faci ne ya jawo ni da igiya, yana dariya har da hawaye.

Ramin nan ba ni na haƙa shi ba. Bara wani kamfani ya zo neman wani ƙarfe wai shi nikel, wanda aka ce da shi ake yin batir. Suka tara mu a gindin bishiya, suka shimfiɗa wata ƙatuwar taswira, suka ce duk inda aka shafa wa kore nasu ne. Na leƙa, na ga gonata ta yi kore shar, koren da ba ta taɓa yi ba ko a tsakiyar damina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai nan gonata ce."

Jami'insu mai hulɗa da jama'a, wanda muke kira Yallaɓai Ana-Kan-Hanya saboda amsarsa ke nan ga kowace tambaya, ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Saman ƙasa naka ne, cikinta ne namu."

To, don su kai ga nasu sai da suka bi ta nawa. Suka kawo inji ya kwana uku yana gurnani, suka ɗebi duwatsu a buhu suka tafi, suka bar mini rami wanda ya cinye kashi ɗaya cikin uku na inda nake shuka masara. Alkawari kuwa an yi, har da rantsuwa, cewa za a cike shi kafin ruwa ya sauka. Ni dai damuwata ɗaya ce, in yi shuka bana, don da masarar nan gidana ke ci.

Da jiƙaƙƙen wandona na wuce ofishinsu. Kai, masu son muhalli ke nan! Bango duk hotunan tsuntsaye da ƙoramu, ga tukunyar fure a kan tebur, sai da na taɓa na ji ashe roba ce. Yallaɓai ya buɗe wani littafi mai sheƙi, ya nuna mini layi da yatsa.

"Rami mai lamba goma sha bakwai. An cike, an daidaita, ciyawa ta fito."

Na ce, "Yallaɓai, daga cikinsa nake."

Ya ce, "Baba, rahoto ne fa, har an sa masa hannu."

Na matse masa gefen rigata a kan tayil ɗin ofishinsa don shaida. A nan ne fuskarsa ta canja, ba don tausayina ba, sai don ya tuna washegari wani babban baƙo, Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle, zai zo daga birni duba yadda kamfani ke kula da muhalli, kuma gonata tana bakin hanya. Ya tambaye ni zurfin ruwan. Na nuna ƙirjina. Sai na ga yana murmushi shi kaɗai, ya ce in je gida, komai na kan hanya.

Na koma da murna na gaya wa uwargida gobe za a cike rami. Ta ce, "Malam, da bakinsa ya ce cikewa?" Na ce mata ita dai ba ta iya kyautata zato ba.

Jiya da safe kuwa sai ga motoci. Na fito da gudu ina neman motar yashi, sai na tarar da rumfa da kujeru da mai ɗaukar hoto. An jera duwatsu a bakin ramin an shafa musu farin fenti, an kafa allo an rubuta: TAFKIN DA KAMFANI YA HAƘA WA AL'UMMA.

Mai Girma ya sauko, takalminsa bai san laka ba, ya tsaya daga nesa ya yaba. Ya ce a duk yawonsa bai taɓa ganin kamfani mai kishin talaka irin wannan ba, ya yanka ƙyalle, aka tafa. Mai faci ya fi kowa tafi, munafuki, don ya samu wurin wanke taya. Ina buɗe baki zan yi magana aka miƙo mini lasifika, aka ce ga dattijon da ya sadaukar da gonarsa zai yi godiya. Wallahi raina ya ɓaci, amma ido ya yi yawa, ga kuma hoto. Na ji bakina yana cewa Allah ya saka da alheri.

Kafin a watse wani makiyayi ya matso yana tambayata ta ina shanunsa za su riƙa bi zuwa ruwan. Ta cikin sauran gonar mana, ta ina kuma?

Amma kada ku ce an ci amanata, don an karrama ni. Mai Girma da kansa ya naɗa ni shugaban kwamitin kula da tafki, aka ba ni hula mai tambarin kamfani da takardar aiki. Sharaɗi na farko a ciki shi ne in kai ƙarar duk wanda na kama yana zuba ƙasa a cikin dukiyar al'umma. Uwargida na gama jin haka ta ɗauke shebur ta kulle a ɗakinta. Ta ce ta gaji da abin kunya, ba za ta iya ganin ranar da zan kama kaina in kai ofis ba.