Ranar da Na Ce Auta Ba Shi da Lafiya

Ba zan taɓa mantawa da wunin bikin Samira ba, ko na so in manta ma dangin mijina ba za su bari ba. Har yau in aka taru a unguwar Hindawiyya, nan Jidda, aka ci aka sha, sai an samu wadda za ta gyara zama ta ce a tuna musu da ranar Auta. Ni kuwa sai in ɗauki kofin shayina in kurɓa, don abin da na yi ranar, in ta kama gobe ma zan sake.

Bari in fara da gaya muku wane ne Auta, tunda rashin faɗin haka ne ya jawo mini komai. 'Ya'yana biyu ne: Hanan ce babba, sai Yasir, autan gaske, saurayi har da gemu, yana aiki a shagon waya. Ɗaya Autan kuwa dabba ne. Feret ake ce masa. In ba ku taɓa gani ba, ku ɗauki tunku ku ja shi ya ƙara tsawo, ku rage masa ƙafafu, ku shafa masa ɗan warin bodari, to kun samu. Hanan ce ta sayo shi tana jami'a, ta raɗa masa Auta don kawai ta ƙular da ƙaninta. Da ta yi aure ta koma Dammam, mijinta ya ce gashin dabba na sa shi atishawa, sai ta bar mini shi “na ɗan lokaci.” (Duk uwar da aka taɓa bar wa abu na ɗan lokaci ta san fassarar wannan.)

Da farko ƙyamarsa nake yi. Ɓarawo ne na ƙin ƙarawa: safa, mukulli, soson wanke-wanke, duk ya ja su ƙarƙashin kujera ya tara. Ga shi ba a kashe masa na'urar sanyi, wai zafin Jidda halaka shi zai yi, sai ka ce mu da aka haifa a cikinsa da ƙarfe aka yi mu. Amma gidan ya yi mini shiru bayan tafiyar Hanan, kuma shi kaɗai ne ke tarbata a bakin ƙofa yana tsalle gefe-gefe kamar wanda aka sabunta wa iƙama, takardar zaman ƙasa, kyauta. Ban san lokacin da na fara dafa masa ƙwai ba.

Ana gobe wunin na lura bai taɓa abincinsa ba. Ban damu sosai ba, don wannan dabba barci ne sana'arsa, yana iya wuni a naɗe kamar rawani. Amma da na ɗauko shi sai na ji jikinsa ya saki, yana cizon haƙora, yana kai hannu baki kamar abu ya maƙale masa. Na leƙa wurin da yake kewayawa, babu komai sai ɗan siririn abu baƙi. Na tuna Hanan ta taɓa ja mini kunne cewa hanjinsu gajere ne, ba sa jure yunwa kamar mage, in ya ƙi ci wuni guda kada in jira.

Na gaya wa maigidana, Abu Yasir. Mijina mutumin kirki ne, amma ko gobara ce ta tashi sai ya ce a ɗan dakata a ga inda za ta nufa. Ya ce ƙila ɓacin ciki ne, mu ma ai muna yi, in ba shi ɗan man zaitun. Na ɗiga masa. Na yi romon kaza na kai masa baki da cokali, ya kau da kai. Na so in kira Hanan, sai na tuna tana da ƙaramin ciki, kuma wannan yarinyar tana iya kamo jirgi saboda shi. Sai na yanke wa kaina hukunci ni kaɗai a kicin: in ya yi amai ko ya kasa tsayuwa, halas, magana ta ƙare, sai likita, ko da aurena ake ɗaurawa.

Washegari na yi kwalliya na bar shi da Abu Yasir a gidanmu na unguwar Safa, na tuƙa zuwa Hindawiyya. Amarya Samira 'yar Yaya Zainab ce, yayar mijina, kuma ni aka ɗora wa kula da abincin dangin ango. Gidan ya cika maƙil, turaren wuta har ba ka ganin na gabanka, 'yan mata na ta Larabci, tsofaffi na amsa musu da Hausa. A saman falo kuwa Goggo Ramatu ce zaune, yayar marigayi surukina, babbar dangi gaba ɗaya, da sandarta da zinariya har gwiwar hannu. Matar da in ta yi gyaran murya a Hindawiyya, sai a miƙe zaune har can unguwar Ruwais.

Ina ɗauke da tiren shinkafa da nama wayata ta yi ƙara. Abu Yasir ne ya turo bidiyo: Auta kwance a kan tayil, ya yi amai, yana jan ƙafafun baya ba sa bin sa. A ƙasa maigidan ya rubuta cewa yana ganin mu bari zuwa gobe.

Na dire tiren. Na je wurin Yaya Zainab na ce mata, “Yaya, ki yi haƙuri, Auta ne. Tun jiya bai sa komai a cikinsa ba, yanzu amai yake, ƙafafunsa ma ba sa ɗaukarsa. Asibiti zan kai shi.”

Wallahi ban yi niyyar ƙarya ba. A gidanmu in an ce Auta, kowa ya san mai jela ake nufi. Sai da na ga Yaya Zainab ta dafe ƙirji, na ji an kashe kiɗa, na ji wata na cewa ai shekaran jiya ta ga Yasir lafiyarsa ƙalau, sannan na gane inda maganar ta faɗa. Nan ne ya kamata in gyara. Kalma biyu kawai. Amma na dubi falon, mata sun fi ƙarfin ƙirga, ga dangin ango baƙi, na hango kaina ina bayyana musu cewa zan bar musu shinkafa ne saboda wani dogon abu mai wari. Sai na bar maganar a haka, na nufi ƙofa. (Kuma in faɗi gaskiya, na lura ba wadda ta tare ni da “ki bari a gama ci,” hanya kawai aka buɗe mini kamar motar asibiti.)

Na kai bakin mota ke nan na ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a bayana. Goggo Ramatu ce, ta yafa abayarta a karkace. Na ce ta zauna, zan kira ta. Ta ce jikanta na kwance ita tana cin nama? Ta buɗe gaba ta shiga ta ce, “Yalla, ja mu je.”

Daga Hindawiyya zuwa Safa ba kusa ba ne, kuma ranar kowace danja sai da ta tsayar da ni. Goggo ta karanta duk abin da ta haddace tun tana yarinya a Makka. Ta tofa a hannu ta shafa wa gilashi, wai ya isa gare shi. Tsakanin sura da sura tana danna waya tana tura murya a guruf ɗin dangi: a sa Yasir a addu'a, ƙafafu sun riƙe, ba ya ci ba ya sha. Sau uku ina buɗe baki. Na farko ta ce in yi shiru in kula da titi. Na biyu ta ce kada in yi kuka, uwa ba ta karaya. Na uku ni da kaina na rufe, na ce a raina in Allah ya kai mu ta gani da idonta.

Muna isa Abu Yasir ya sauko da tawul a naɗe a ƙirjinsa. Da ya hango wadda ke gaban mota sai da ya ja da baya. Ya gaishe ta, ya shiga baya. Goggo ta waiga ta tambaye shi ina yaron, ko sai an samo masu ɗauko shi.

“Wane yaro, Goggo? Yasir yana shago.”

Daidai nan tawul ɗin ya motsa, ɗan kan nan mai baƙin zane a ido ya leƙo, ya dube ta, ya sake kwanciya.

Na zaci za ta yi salati ko ta daka mini sanda. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo gare ni a hankali ta ce, “'Yar nan, wannan ɓeran na yi wa Yasin?”

Ban san inda ƙarfin ya fito mini ba. Kunya ta gama cinye ni, ba abin da ya rage sai taurin kai. Na ce mata ba ɓera ba ne, amanar Hanan ce, rai gare shi kamar kowa, kuma in ta yarda zan mayar da ita biki, amma sai bayan likita ya gan shi. Na taka mota ban jira amsa ba.

Haka Goggo Ramatu, da leshinta da zinariyarta, ta zauna a ɗakin jiran asibitin dabbobi, mage a damanta, a hagunta wani dattijo da aku a keji. Ta tattare abayarta ta ɗora sanda a cinya, ba ta kallon kowa. Wayarta kuwa ba ta huta ba. Da ta gaji sai ta amsa, ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, ta miƙo mini. Yaya Zainab ce tana kuka, tana cewa maza sun fito da motoci biyu, wane asibiti ne, wane hawa. A bayanta ina jin amarya ma na sheshsheƙa. Ina cikin neman kalmar da zan fara da ita, yarinyar da ke teburin karɓar mutane ta ɗaga murya ta kira, “Ummu Auta? Ku shigo da feret ɗin.” Akun ma ya ga dama ya maimaita.

Na ce, “Yaya, Yasir lafiyarsa lau. Zan yi bayani.” Na miƙa wa Goggo wayarta na shige.

Likitar ta taɓa cikinsa, ta ɗauki hoto, ta ce abu ne ya toshe masa hanji, kuma ruwan jikinsa ya ƙare. Ta ce man zaitun ba ya ture irin wannan, kuma tun jiya da ya ƙi ci yana cizon haƙora ya kamata ta gan shi. Da an kai gobe, ba ta jin akwai abin da za ta iya yi. Na juya na dubi Abu Yasir, shi kuma ya sami wani abu mai muhimmanci a silin yana dubawa. Aka sa masa ruwa, aka shiga da shi aiki. Da aka fito ta nuno mana abin da ta ciro a ɗan faranti: guntun roba shuɗi, wanda mijina ya gane nan take, don daga silifansa na banɗaki aka gatsa.

Muna nan Yasir ya kira, a rikice. Ya ce me ke faruwa ne, tun ɗazu mutane ke kiransa suna yi masa sannu, wani kawunsa ma har ya ce ya yafe masa duk abin da ke tsakaninsu.

Na mayar da Goggo Hindawiyya bayan la'asar. Na raka ta har ciki, don na ce in za a yanka ni gara a yi a gama. Muna shiga falon wata daga dangin ango ta kasa riƙewa ta fashe da dariya, sai gidan ya ɗauka. Har amarya, da kwallinta da ya zubo. Yaya Zainab kaɗai ba ta yi dariya ba, kuma tana da gaskiya. Sai da na yi mako ina zarya da ban-haƙuri kafin ta sake. Na ba ta haƙuri a kan tsoratar da ita da na yi. A kan tafiyar kuwa ban ba kowa haƙuri ba, ba kuma zan bayar ba. Na ratsa tsakiyar falon nan, na ɗauki tiren da na ajiye na ci gaba da rabo.

Auta ya tashi. Ya rame, an aske masa ciki, amma cikin 'yan kwanaki ya koma satarsa. Sai a lokacin na gaya wa Hanan, ta yi kuka, ta yi dariya, ta sake yin kuka. A dangi kuwa suna ya bi ni: Uwar Ɓera. Ina amsawa.

Bayan kamar sati biyu Goggo ta kira ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tambayi maigida, ta tambayi yara, sannan ta ce yaya jikin abin nan. Na ce ya warke sarai.

“To ai dole,” in ji ta. “Addu'ar da na yi ranar, ko raƙumi ne sai ya tashi.”

Abin da na koya dai biyu ne. In dabbar da ta saba wawure abinci ta kau da kai daga kwano, kada ki tsaya shawara da mai cewa a bari sai gobe. In kuma za ki sanar da rashin lafiya a gidan biki, ki fara da faɗin ƙafa nawa majinyacin yake da su.