Ladabin Da Ya Kashe Bijimin Arzika

Ranar Talata da hantsi, a hanyar Dundaye, na ga bijimi ya mutu a gaban mahauci, mahaucin kuma da wuƙa a ƙugunsa. Ina gefensa a durƙushe. Ban yi komai ba, shi ma bai yi ba, kuma duk wanda yake wurin ya yaba da tarbiyyarmu.

Mahaucin maƙwabcina ne, Arzika, katanga ɗaya ta raba mu. Bijimin fari ne mai tozo, ya saye shi yana ɗan maraƙi, ya ba wani makiyayi a Dundaye ya riƙe masa shekara uku. Shi ne jarinsa duka. Rumfarsa ta kasuwa ta yi wata biyu ba nama, an kuma gaya masa in Juma'a ta zo bai yanka komai ba, za a ba wani rumfar. Ni gonar da mahaifina ya bari na je dubawa. Muka haɗu a dawowa, yana jan igiya, ina riƙe da lema.

Ga wanda ya daɗe bai zo Sakkwato ba, motoci huɗu gare mu yanzu. Biyu na Turawa ne, yau ba ruwana da su. Biyu na manyanmu ne, an saye su da harajinmu don a hanzarta aikin jama'a. Ban gano aikin ba tukuna, amma ana hanzarta shi kullum tsakanin gari da gonakinsu. Man da motocin suke sha a cikin gwangwani yake zuwa, a bayan raƙuma. Hanyar kuwa mu muka yi ta. Arzika ya yi kwana arba'in yana ɗaukar marmara a ka, aka ce masa in an gama, shanunsa za su riƙa isa kasuwa da ƙibarsu.

Mota ta fari ta mai girma Uban Tsakiya ce. Na raɗa masa sunan ne don motarsa ba ta bin ko'ina sai tsakiyar hanya. Hagu ba wurin babba ba ne, kuma babba ba ya raɓa gefe kamar mai tallan nono. Ba ya gudu. Ya ce in mota ta yi sauri talakawa ba sa samun gaishe shi yadda ya kamata, shi kuma ba ya son tauye musu haƙƙi.

Ta biyu ta mai girma Sarkin Hanzari ce, wanda yake ƙasa da shi da taki ɗaya a mulki, da shekara ashirin a haihuwa. Direbansa Garba ya koyi tuƙi a Zariya cikin mako uku.

Na yi shekara shida ina karatu a Ikko, babban birnin nan na bakin teku. A can mota takan riƙe hagunta. Mai son wucewa ya duba gaba, ya bi ta dama, ya koma. Doka ce mara daɗi, ba ta tambayar sunan uban kowa.

Mun jiyo su tun daga nesa. Garba yana ta matsa ƙaho, direban Uban Tsakiya ya ɗauka gaisuwa ce, yana amsawa da nasa. Haka suka yi ta gaisawa kusan mil guda. Gefen dama ba kowa, fili ne fetal. Amma in Garba ya bi ta dama, ya bar Uban Tsakiya a hannun hagun ubangidansa ke nan, kuma Garba ɗan mutunci ne. Sai ya karkato hagu, inda muke, ni da Arzika da bijimi.

Ni na faɗa cikin sabara. Arzika ya saki igiya. Bijimin bai yi karatu a Ikko ba, bai kuma san manya ba, ya tsaya yana kallo.

Motar ta kwashe masa ƙafafun baya. Ya faɗi yana numfashi, idonsa biyu. Duk wanda ya taɓa cin nama ya san abin yi: a juya shi alƙibla, a yi bisimilla, a ja wuƙa. Asara ta ragu, nama ya halatta. Arzika ya kai hannu ƙugu.

A daidai nan aka buɗe ƙofofin motocin. Manya biyu suka sauko. Muka cire takalma, muka durƙusa. Ni ma. Shekara shida a bakin teku ba su cire wannan daga gwiwata ba.

Sarkin Hanzari ya rusuna a gaban Uban Tsakiya.

"Ranka shi daɗe, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau."

"Yaya zahi?"

"Zahi lokacinai na."

"Yaya mutanen gida? Yaya ƙahwar?"

"Da sauƙi."

"Yaya mota?"

"Mota ta gode."

Arzika ya taɓa ni da gwiwar hannu, ya yi ƙasa da murya. "Malam Hayatu, dubi idonai. Ni shika kallo."

"Tashi ka yanka."

"In zare yuƙa gaban manya biyu? Kai tashi ka roƙa mini izini, kai da ka yi boko."

Ban tashi ba. Na ciro agogon aljihuna na duba, don shi ne abin da boko ya koya mini in yi idan abu ya fi ƙarfina.

Da suka gama da iyali da dawaki da geron bana, suka shiga batun wucewar. Sarkin Hanzari ya ce ba shi ya wuce ba, mota ce, shi da a ƙasa yake da ko inuwar babba ba zai taka ba. Uban Tsakiya ya ce ya lura ta hagu aka bi, wannan kuwa ya nuna gidan da yaro ya fito. Aka yi addu'a. Muka shafa.

Minti goma sha ɗaya. Bijimin ya cika a na tara.

Uban Tsakiya zai koma mota sai ya hange shi. "Wanga sa na wa na?"

"Nau na, ranka shi daɗe," in ji Arzika.

"To, a ɗauke shi bisa hanya. Mota na wucewa nan."

Mushe ba ya shiga kasuwa. Muka ja shi gefe, ungulaye suka karɓi aikin. Arzika ya ɗauki igiyarsa ya naɗe ta da kyau, ban san don me ba. Abu ɗaya ya rage masa: in aka ce laifin mota ne, sai a ba shi wani sa kafin Juma'a, ya tsira da rumfarsa. Matarsa Atika ce ta tura shi ya kai ƙara. Ta katanga na ji ta.

"In ba ka tahi ba, ni in tahi. Ni ba ni da gwiwar durƙuso, ciwo takai."

A yaba wa hukuma, ba ta yi jinkiri ba. Washegari aka kafa zaman bincike a zauren wani babba da zan kira mai girma Ma'aunin Gaskiya, mutum bakwai, kowa da buzunsa. Kowane zama ana yanka rago don masu bincike kada yunwa ta karkata musu hankali. Da yake mai ƙara mahauci ne kuma yana wurin, sai aka ce ya taimaka. Arzika ya feɗe raguna biyu a shari'ar bijiminsa, ana kiransa daga bayan gida ya ba da shaida hannu duk kitse.

Aka fara da hanya. Wani ya ce ta cika ƙunci. Aka tuna wanda ya tsaya a kan aikinta surukin Ma'aunin Gaskiya ne, sai aka auna ta da ido daga cikin zaure, aka ga faɗinta ya isa.

Aka koma kan mota. Aka ce mota kayan hukuma ce, hukuma kuwa ba ta kai ƙarar kanta.

Aka kira Garba.

"Ka busa ƙaho?"

"Na busa, ranka shi daɗe, har roba ta yi zahi."

"San ya amsa?"

"Bai amsa ba."

Aka rubuta cewa bai amsa ba.

"Mi ya hana ka bi ta dama?"

Garba ya dubi ƙasa. "Ranka shi daɗe, uwata na da rai. In taj ji na ba babba hagu, ina za ni kwana?"

Dattawa suka gyaɗa kai. Ɗaya ya tambayi Garba ɗan gidan wane ne, don shi yana da ɗiya budurwa.

Sai aka kira ni, a matsayin shaida kuma mai karanta rubutun Nasara, don akwai takardar dokar mota da aka aiko tun bara, tana cikin gafaka ba a buɗe ba. Na karanta, na fassara: mota ta riƙe hagu, mai wucewa ya bi ta dama, kada ya wuce sai ya ga gabansa ba kowa.

Dattawa suka dubi juna.

"Malam, sake dubawa," in ji Ma'aunin Gaskiya. "Takarda ta ce Uban Tsakiya shi bi hagu?"

"Ta ce kowace mota."

"Ta ambaci sunanai?"

"Ba ta ambaci sunan kowa ba."

"To ka gani. Takarda ba ta san babba ba. An rubuta ta don ƙasar da kowa baƙo na. Maida ta gahwaka."

Na mayar. Amma ina son in taimaki maƙwabcina, kuma a nan na yi kuskurena. Na ce ko ba komai a duba irin zaluncin da ke ciki: dabba ta yi minti tara da rai, ana iya yanka ta, gaisuwa ta hana. Na ciro agogon na nuna. Aka karɓa, ya zagaya hannu bakwai, kowa ya kara a kunne.

"Minti tara," in ji Ma'aunin Gaskiya. "Arzika, sa nawa kaka iya kayarwa ka yanka cikin minti tara?"

Arzika mutum ne mai alfahari da sana'arsa. "In an riƙe mini, ukku, ranka shi daɗe."

"Ukku. Ga yuƙa gare ka, ga sa kwance, mota ta ma kayar maka da shi, ba ka biya ta ba. Kaz zamna kana kallo har ya zama mushe."

"Ranka shi daɗe, manya na gaisawa. Da na tashi hwa?"

"Da ka tashi, wannan wata shari'a ta daban. Yau ba ita mukai ba."

Hukunci ya fito ranar Alhamis bayan la'asar, na kuma rubuta shi da hannuna don ni aka sa. Uban Tsakiya ba shi da laifi, yana tafiyarsa. Sarkin Hanzari ba shi da laifi, yana zaune. Garba an yaba masa. Mota ta karya ƙafa kawai, ƙafa kuwa ba ita ce rai ba. Bijimi ya nuna taurin kai, amma an yafe masa tunda ya riga mu gidan gaskiya. Asarar nama sakacin mahauci ne. Saboda tausayi ba a ci shi tara ba, an dai umarce shi ya je ya ba Garba haƙuri kan fitilar motar da ta fashe wajen karon.

Ya je. Garba ya haƙura, har ya raka shi ƙofa.

A hanyar gida, da muka kai lungunmu, Arzika ya juyo ya dube ni.

"Malam Hayatu, shekara nawa ka ce ka yi Ikko?"

"Shida."

"Da ka ƙara ɗaya, da ban gamu da kai hanyar Dundaye ba."

Ban ga abin musu a ciki ba.

Kada a ce masu bincike sun ci raguna a banza. Sun duba gaba, sun kafa doka don kada irin wannan ta sake faruwa, aka yi shela a kasuwa: daga yau duk bijimin da za a bi da shi ta hanyar mota, a yanka shi tun daga Dundaye. Yankakken sa ba ya zama mushe, ba ya taurin kai, ba ya tsayawa yana kallon mota. Na yi karatu wurin malamai masu gilashi, ban taɓa ganin an toshe matsala ta kowace kafa haka ba.

Juma'a ta zo, aka ba wani mahauci mai suna Mode rumfar. Mode yana da shanu amma ba shi da wuyan ɗaukar kaya, sai ya ɗauki Arzika aiki. Yanzu kullum da safe maƙwabcina yakan taso daga Dundaye da cinyar sa a ka, cikin zafin Sakkwato, ƙudaje na yi masa rakiya. Naman yakan iso kasuwa ya fara sauya ƙamshi. Tsadarsa ta ƙaru, don an haɗa da kuɗin tafiya. Motocin suna nan yadda suke, ɗaya a tsakiya, ɗaya tana neman hagu. In sun taho, Arzika ya durƙusa da cinyar a ka, kuma an ce ba a taɓa samun mushe ko ɗaya ba tun da aka kafa dokar.

Jiya Atika ta leƙo ta katanga, tana riƙe da muciya. Uwarta tsohuwa ce a Dundaye, takan tako zuwa gari ranar kasuwa, kuma ba ta ji sosai.

"Malam, kai da ka rubuta musu. Dokar ga, shanu kaɗai ta shahwa, ko har da mutane?"

Na ce mata a iya sanina shanu kaɗai. Na kuma roƙe ta ta rage murya. Masu binciken nan mutane ne masu karɓar shawara.