Rundunar Janar Uwaisu

A duk ƙasar Daura, daga Kusugu har bakin iyaka, babu jarumi irin Alhaji Uwaisu na Unguwar Gawo. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma mai shagon taki har biyu ba ya ƙarya. Bai taɓa jin ƙarar bindiga ba sai a waya, amma ya kalli yaƙe-yaƙen duniya kaf yana kishingiɗe a rumfarsa, ya kuma gano kuskuren kowane kwamanda. 'Yan acaɓa suka raɗa masa Janar. Yana amsawa da gyaɗa kai, kamar mai karɓar bashi daga tarihi.

Da damina ta kankama, labari ya zo cewa ɓarayin daji sun kore shanu a wani ƙauye can yamma. Hankalin gari ya tashi. Dagaci ya kira taro a ƙofar gidansa, Janar ya iso cikin rigar farauta mai aljihu birjik, tumbi na gaba yana share masa hanya.

Saje Mainasara, tsohon sojan da ya dawo gida da ɗingishi, ya fara magana. A ganinsa a ɗauki 'yan sa-kai kaɗan waɗanda suka yarda da kansu, hukuma ta tantance su ta horar da su, sauran a bar su su yi noman gero, don yunwa ma mahara ce. Kansila, da yake zaɓe ya matso, ya goyi bayan Saje, kuma ya goyi bayan duk wanda zai yi magana bayansa.

Sai Janar ya miƙe. Inda babu ƙasa, nan ake gardamar kokawa.

"Ranka ya daɗe, ba a yaƙi da lallashi. Kowane gida ya ba da namiji guda, daga sha takwas zuwa sittin, babu babba babu ɗan babba. Mai gona ya bar gona, ango ya bar ɗaki. Ni da kuke gani, a shirye nake in sadaukar da duk samarin garin nan."

Tsoro ya fi hankali murya, taro ya bi Janar. Saje ya ce to, ya ɗauki sandarsa.

A makon nan Janar bai huta ba. Gida-gida ya bi yana zaɓar 'ya'yan mutane kamar mai taya raguna. Gonaki suka cika da ciyawa, iyaye mata suka cika da addu'a. A makon ne kuma Allah ya buɗe wa babban ɗansa Sabiru, wanda ya ƙi boko tun yana yaro, son ilimi, aka tura shi Kano karatu. Ƙaramin, Anwar, gyambon ciki ya kama shi farat ɗaya, aka kai shi Zinder wajen kawunsa, inda iska ta fi kyau.

Ranar faretin farko aka taru a filin makaranta. Janar ya hau benci zai yi jawabi, sai Dagaci ya tambaya a hankali wane ne ya fito daga gidan Alhaji. Aka duba hagu, aka duba dama. Namijin da ya rage a gidan shi ne ke tsaye a kan benci.

Janar ya yi murmushin manya. Ya ce ai da gudu zai shiga sahu, sai dai doka doka ce, shi kuwa ya haura sittin tun bara waccan.

Daga cikin matan da ke kallo a gindin darbejiya, yayarsa Hajiya Zinariya ta gyara mayafi.

"Haba Auta, ji tsoron Allah. Ni na goya ka, ni kuwa ko sittin ɗin ban kai ba."

Babu wanda ya isa ya ƙara wa Hajiya shekara ko ɗaya, balle ƙaninta. Janar ya sauko daga benci, ƙafa na neman ƙasa. Saje Mainasara ya miƙa masa gora, ya sa shi a ƙarshen layi bayan ɗan mai shayi, ya ce a fara da zagaye fili.

Ba a gama zagaye na farko ba Janar ya tsaya yana haki, ya ɗaga hannu. Ya ce ya sake nazari a matsayinsa na masanin tsaro, kuma gaskiya maganar Saje abin dubawa ce, gero na bukatar mutane.