Jakin da Ya Kai Kayan Amarya Bakin Rijiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da jaki ya tuƙa ni a gaban rabin matan garinmu Buza ba, ni da na yi shekaru ina tuƙa kamiyo, babbar motar kaya.

A shekarun da kasuwar uraniyom ta faɗi aka sallame mu daga aiki a Arlit. Na dawo gida da lasin tuƙi a aljihu da baƙin tabarau a fuska, na tarar fari ya cinye gonaki. Ba mai neman direba, ko shofer yadda muke cewa. Matata tana da ciki, rumbu kuma sai ƙura. Kawuna Illa, mai amalanken jaki, ya ce in zo in koyi sana'arsa. Da farko na ji kamar ya zage ni, amma da na kama linzami sai abin ya shiga raina. Na koyi ɗaurin kaya da daidaita nauyi, na sayar da rediyona na haɗa amalanke, na shafa masa shuɗin fenti, har madubin mota na liƙa (don in ga wa a baya, Allah kaɗai ya sani). Jakin kuwa ni na zaɓo shi da kaina a kasuwa, don tsayinsa da kyan tafiyarsa. Ban tambayi mai shi komai ba sai shekarunsa.

Aikina na farko babba ne. Inna Hajo, uwar 'yan kasuwar unguwarmu, ta ce ni zan kai kayan ɗakin 'yarta gidan ango. "In ka yi da kyau, kayan matan kasuwa duk kai ka ɗauka," in ji ta. Wato tuwon gidana yana kan wannan tafiya. Murna ta hana ni karin kumallo. Na sa farar rigata ta Salla, na ɗora tabarau, aka jera gado da tabarmi da kwanoni da sabuwar randa, mata suka biyo ni da guɗa.

Muna isa mararraba na ja linzami dama, jaki ya yi hagu. Na sake ja, ya ƙara sauri. Ƙafata ta shiga laluben birki a kan katako.

"Shofer, ina munka nuhwa?" Inna Hajo ta ɗaga murya daga baya.

A nan ya kamata in ce jaki ya fi ƙarfina. Amma mutumin da ya ratsa hamada da kamiyo zai faɗi haka a gaban 'yan mata? Na gyara zaman tabarau na ce, "Inna, wagga hanya ta hi laushi, don kwanoni."

Suka yarda (wannan ya fi komai ciwo), suka ƙara guɗa. Haka na jagoranci biki sukutum muka gangara kwari, har bakin rijiya. Jaki ya juya a hankali, ya ja da baya da gwanintar da ni ban taɓa yi da kamiyo ba, ya saita gadon amarya da bakin rijiya, ya tsaya cak.

Guɗa ta mutu. Inna Hajo ta dubi rijiya, ta dube ni. "Ɗana, nan ag gidan ango?"

Na ja, na tura, na roƙe shi a kunne, ko gezau. Sai wata tsohuwa mai ɗibar ruwa ta kwashe da dariya. "Ai wanga jakin mai kai ruwa gari na! Ba shi tashi sai ya ji ana zuba ruwa bayanshi."

Haka na naɗe hannun rigar Salla, na karɓi guga, na shiga cika randar amarya, mata sun zagaye ni suna riƙe ciki. Tabarau ya sulluɓe ya faɗa rijiya, ban ko leƙa ba. Da randa ta cika, malam jaki ya kaɗa kunne ya kama hanya.

Na ɗauka kunyar ta ƙare. Ashe akwai gidajen da ya saba kai wa ruwa. Kowace ƙofa sai ya tsaya, matar gida ta fito da bokiti ta tarar da gado da ni. Sau nawa na ce "Ku yi haƙuri, biki na," ban sani ba. Da muka zo gidan ango ma ba ni na tsayar da shi ba, su ma masu sayen ruwansa ne.

Uwar ango ta leƙa randa ta ce a wannan fari ba ta taɓa ganin amaryar da ta shigo da ruwanta ba, albarka ce. Inna Hajo dai ba ta ba ni kayan kasuwa ba, ta ce ba ta son tumatur ɗinta ya je rijiya. Na kwana da baƙin ciki. Da safe na ari tano, wato gangar ruwa, wurin Kawu na ɗora a amalanke, na saki linzami. Jakin ya kai ni rijiya, ya kai ni ƙofa-ƙofa, kuma a kowace ƙofa akwai mai jira. Da kuɗin wannan ruwa aka yi sunan ɗana.

Tun daga ranar, ko kaza zan saya sai na tambayi aikin da take yi a da. Ni da jakin, mu biyu muka sauya ubangida a shekarar nan, amma ni kaɗai aka sallama daga aiki.