Farfesa In-Buɗe da Tsuntsun Tagulla

Duk unguwar da Allah Ya so da rahama Yakan ba ta masani guda, ita kuwa wannan unguwa sai Ya ba ta Farfesa. Ba wata jami'a ce ta ba shi sunan ba, shi ya laƙaba wa kansa, kuma da yake suna ba haraji ake biya masa ba, aka bar masa abinsa. Sana'arsa sayar da tabarau a wani shago mai madubai ta ko'ina, inda duk ya juya sai ya yi ido huɗu da mutumin da ya fi girmamawa a duniya. Rabin tsofaffin unguwar da tabaransa suke karatu. Shi kansa uku yake sawa, ɗaya a hanci, ɗaya a goshi, ɗaya yana lilo a ƙirji, don kada ilmi ya ɓullo ta wata hanya ya tarar ba a shirya ba.

Fannin da ya yi fice a kai shi ne kwatanta littafi da fim ɗin da aka yi daga gare shi. A nan kam ba a kama ƙafarsa. Wasu sai sun karanta, sun kalla, sun yi tunani kafin su yanke hukunci. Farfesa ya wuce wannan wahala ta ƙananan mutane. Hukuncinsa ɗaya ne, a shirye yake tun kafin a fara ɗaukar fim: littafin ya fi. In wani mai ƙarar kwana ya ce a ina ya fi, sai Farfesa ya sauko da tabaran goshi, ya daki jakar fatar da ke rataye a kafaɗarsa, ya ce, "Yana nan a jaka. In buɗe maka shafin?" Ba a taɓa samun wanda ya ce buɗe ba, don kowa yana tsoron a kunyata shi a gaban jama'a. Daga nan ya samu sunansa na biyu, In-Buɗe. Jakar kuwa, in ban da tsumman goge gilashi da kwanon abincin rana, babu komai a cikinta.

Kada dai a zalunci bawan Allah, yana da littattafai. Suna jere a kabad mai gilashi a falonsa, jingine da bangon banɗaki mai tsattsafo da damshi. Al'adarsa in ya sayi littafi sai ya buɗe shafin farko, ya rubuta sunansa da duk muƙamansa da manyan baƙaƙe, ya rufe, ya jera. Daga nan hulɗarsu ta ƙare, ba faɗa ba gaba. Matarsa ta sha ce masa, "Maigida, wata ƙasa-ƙasa nake gani tana hawa bayan kabad ɗin nan, bari in jawo ta in share." Shi kuwa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ki bar wurin nan. Ma'ajiyar ilmi ba wurin tsintsiya ba ce."

Ana haka sai aka fito da fim ɗin wani littafin almara mai kauri kamar bulo, wanda ya daɗe a kabad ɗin Farfesa. Labarin 'yar wani maƙeri ne da ta ƙera tsuntsun tagulla, ta hau shi ta tafi ƙwato inuwar mutanen garinsu daga hannun wani sarki da ke mulki a ƙarƙashin tafki. A daidai lokacin kuma aka yi wa shugaban ƙungiyar masu karatu ta unguwar canjin wurin aiki, kujera ta zama ba kowa. Aka shirya cewa ranar Asabar masu neman kujerar za su yi magana a kan littafin da fim ɗin, sannan a ɗaga hannu.

Farfesa ya so kujerar nan har cikin ɓargonsa. Bai jira zaɓe ba ya kira mai fenti ya ƙara "Shugaban Masu Karatu" a allon shagonsa, aka lulluɓe wurin da zane ana jiran Asabar. Ya kuma gayyaci surukinsa, wani dattijo marar ɓoye-ɓoye da ya taɓa cewa mijin 'yarsa gwangwani ne, ƙara ta fi abin ciki yawa. Maganar nan ta daɗe tana ci masa rai, ya ƙudura cewa a gaban jama'a tsohon zai haɗiye ta.

Saura shiri. Karanta bulo guda aiki ne na marasa abin yi, saboda haka da rana tsaka ya ja ƙofar shago rabi, ya shige bayan labulen da ake gwada ido, ya kalli fim ɗin a waya. Fim ɗin ya tafi da shi ƙwarai. Da aka zo inda tsuntsun ya faɗa wuta ya narke don yarinyar ta tsira, Farfesa ya yi kuka har da shessheƙa, sai da ya goge tabarau ukun ɗaya bayan ɗaya. Da ya natsu sai ya yi lissafin da bai taɓa ba shi kunya ba: 'yan fim ba sa barin labari yadda yake. Tun da tsuntsu ya mutu a fim, ai a littafi yana nan da ransa.

Ranar Asabar ya zaro littafin daga kabad ya cusa a jaka, don yau abin na gaske ne. Ya ji ba shi da nauyi kamar da, ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru masa.

A wani ajin makarantar firamare ake taron, manya sun matsu a bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Abokiyar takararsa tsohuwar shugabar makaranta ce mai ritaya, wadda ake ce wa Uwar Alli. Ita ta fara. Ta ce fim ya haɗe 'yan'uwan yarinyar biyu ya mai da su mutum ɗaya, ya kuma yanke labarin mahaifiyarta, abin da ya yi mata ciwo, amma ƙasar ƙarƙashin tafki ta fi kyau a ido fiye da yadda ta zana ta a ranta. Ta zauna. Farfesa ya ji tausayinta, baiwar Allah ko murya ba ta ɗaga ba.

Ya miƙe, ya gyara tabarau, ya dubi surukinsa a bencin gaba.

"Jama'a, ni ban kalli fim ɗin nan ba, kuma ba zan kalla ba, idona ya fi ƙarfinsa. Amma labari ya iso ni. Sun ɗauki teku sun zuba a kofi. Sun ɗauki giwa sun ɗaure ta da zaren ɗinki. Mafi muni, sun kashe tsuntsun! Don kawai su matse hawayen masu raunin zuciya. A littafi tsuntsun nan bai mutu ba. Ya dawo da yarinyar gida, ya sauka a kan maƙerar ubanta, ya buɗe fukafukai. Wannan shafi, wallahi, duk lokacin da na karanta shi sai tsigar jikina ta tashi."

Farfesa ya tsaya yana jiran tafi. Sai Uwar Alli ta ce, "Farfesa, ai a littafin ma ya mutu. Tun a tsakiya ma. 'Yan fim ne suka ja masa rai zuwa ƙarshe."

Wani mai hankali da nan zai ce ya manta. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Farfesa ya yi murmushin tausayi, ya sauko da tabaran goshi, ya zaro littafin ya ɗaga sama yadda na baya za su ga kaurinsa.

"Malama, akwai karatun ido, akwai karatun basira. Ga shi a hannuna. In buɗe miki shafin?"

"Buɗe," in ji ta.

Kalmar nan bai taɓa jin ta ba a rayuwarsa. Ya duba hagu, ya duba dama, ko wani zai ce a bar maganar saboda girmansa. Ba wanda ya ce. Surukinsa ma har ya sa tabarau, wanda a shagon Farfesa ya saya, don kada wani abu ya wuce shi. Farfesa ya ga ba mafita. Ya yi ta maza, ya kama littafin ta tsakiya ya buɗe.

Sai gari ya zubo. Jar ƙasa da dusar takarda suka kwararo kan takalminsa, wasu fararen ƙwari suka watsu a kan teburin malami suna neman mafaka. Gara ta shiga ta bayan kabad ta cinye cikin littafin tas, ta bar bango da gefe-gefe a tsaye kamar akwati. Wata mata ta yi tsalle ta hau benci. Dariya ta ɓarke har mai gadin makaranta ya leƙo.

Surukin bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya dubi ƙwarin da kyau, ya ce, "To, alhamdu lillahi. Ashe dai akwai masu karatu a gidan 'yata, har sun sauke."

Aka ɗaga hannu, Uwar Alli ta hau kujera. Farfesa ya samu ƙuri'a ɗaya, ita ma tasa ce. Har yau zanen nan yana lulluɓe da rabin allon shagonsa, in an tambaya sai ya ce fenti ne bai bushe ba.

Da aka zo share ajin aka ɗaga gawar littafin, sai aka ga shafi ɗaya ya tsira lafiya lau, ko huda babu. Shafin farko ne, inda ya rubuta sunansa da muƙamansa da manyan baƙaƙe. Gara ta cinye sarki da tafkinsa, ta cinye tsuntsun tagulla da fukafukansa, amma wannan kam ta kasa haɗiyewa.