Albasata ta tarbi Mai Girma

Yau da hantsi aka mayar mini da kwantenata, har da gargaɗin in fitar da ita daga tashar jiragen ruwa kafin ta zubar wa ƙasa mutunci. Ban yi musu ba, domin direban da na ɗauko ma sai da ya toshe hanci da gefen rawaninsa kafin ya matso.

Ni Bu Nasir, albasa nake sarowa daga Indiya in raba wa masu gidajen abinci, kuma jarina kaf yana cikin wannan kwantena. Kowane ɗan dako ya san albasa ba ta son rufi. Ƙofa ɗaya ake bari a buɗe tun daga can, ta riƙa shan iska har ta iso. Ta kuwa iso lafiya lau. Laifin kwantenar ɗaya, shuɗiya ce.

Ashe Mai Girma Uban Gine-gine, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, zai zo buɗe sabon sashen tasha. Masu hikima suka ga ya dace a jera kwantenoni shuɗɗa a bayan mumbari, su dace da launin teku a hoto. Aka tsinci tawa aka kafa ta a can ƙasa, aka ɗora wasu a kanta. Da wani mai ido ya lura buɗaɗɗiyar ƙofa tana ɓata tsari, sai aka garƙame ta, a tsakiyar zafin da ke narka kwalta.

Na je wurin Shugaban Jeri da Daidaito. Ya ba ni gahawa da dabino, ya tambayi lafiyar iyalina har da ta kakannina.

"Ranka ya daɗe, albasa ce a ciki," na ce. "Ko ƙofar a buɗe mata."

"Haba Bu Nasir! Kayan mutum nawa ne a tashar nan? Naka aka zaɓa. Wani da kuɗinsa ma ba zai samu ba."

"To yaushe Mai Girma zai zo?"

"Gobe, in Allah ya so."

Goben nan ta yi ta haihuwar 'ya'ya. Maƙwabcina Khamis, wanda shi ma albasar yake sayarwa, kullum sai ya leƙo rumfata yana murmushi. "Bu Nasir, yaya baƙuwar gwamnati? An ce ta fara magana, tun daga bakin ƙofar tasha ake jin ta."

Gaskiya ya faɗa. Amma kada ku ce hukuma ba ta ɗauki mataki ba. Motoci aka turo da kaskon turaren wuta, aka kewaye jerin, ana ta zuba itacen oud mai tsadar da ko a auren 'yata ban ƙona irinsa ba. Ina tsaye a bayan shingen waya ina kallo.

Jiya Mai Girma ya iso cikin alkyabba. Yana ɗaga almakashi iska ta juyo. Ya yamutsa fuska ya tambaya mene ne wannan, aka ce masa teku ce, haka take yi a wannan wata. Nan take ya kafa kwamitin binciken teku, aka yi tafi.

Ina kan hanyar dawowa daga juji ɗazu, inda na zubar da ruɓaɓɓiyar albasar, matata Ummu Nasir ta kira ni, wai in taho da albasa, za ta ɗora shinkafar majbus. Na tsaya a rumfar Khamis na ce ya auna mini kilo guda. Bai yi dariya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya auna, ya ɗauki ƙwaya biyu ya ƙara mini a kai, ya ce in gaida gida.

Idan kwamiti ya kama teku da laifi, don Allah a yi mata sassauci. Warin nan, na san iyayen gidansa.