Rasuwar Kik ɗin Motar Kawu Yanzu-Yanzu

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki da kuma kunyar da ba ta ɓoyuwa, iyalan Kawu Yanzu-Yanzu, direban da ke raba wa matarsa Anti ƙwai a shaguna, suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Kik, wato ɗan injin nan da ke tayar da motarsu in an murɗa makulli. Ya cika ranar Talata da hantsi a ƙofar gida, ana tsaka da dukansa.

Marigayin bawan Allah ne mai gudun duniya. Tun da aka sayo motar yake maƙale a ƙarƙashin inji, inda ba iska ba haske, bai taɓa cewa a ba shi mai ko ruwa ba. Aikinsa guda ne: ya miƙa ɗan haƙorinsa ya kama haƙoran fulawil, babban faifan ƙarfen da ke juya inji, ya wulwula shi, ya koma gefe ya yi shiru. Duk layin sun san gaisuwarsa ta safe, "cakaka-buum!" Da ita mai shagon kusurwa ke sanin lokacin buɗe ƙofa ya yi.

Jinyar ta faro ne sannu a hankali. Wata rana aka murɗa ya ce "wiiii", yana juyi shi kaɗai, inji ko gezau. Wata rana kuma "ƙarrrr", har tsikar jikin mutum ta tashi. Kawu, wanda bai samu laƙabinsa a banza ba, ya ce ba ciwo ba ne, iskanci ne. Ya ɗauko sifanar taya ya buɗe bonet ya ɗan bubbuga shi. Aka yi rashin sa'a motar ta tashi. Daga ranar duka ya zama karin kumallon marigayi, Kawu kuma ya zama likita, har yana koya wa direbobin tasha inda ake bugu.

Ranar da duka bai ci ba, sai turi. To mota in an tura ta fizga take yi, ƙwai kuwa ba ya son fizga. Anti ta gaji da wanke but ɗin motar da ruwan omo, masu shaguna sun gaji da ƙirga fasassu. Ta ce in kiret ɗaya ya sake fashewa, maƙwabcinsu mai keke mai ƙafa uku za ta ba rabon, shi Kawu ya nemi wata sana'a. Ya rantse mata laifin Kik ne, ya zage shi tas a gabanta, ya kira shi malalaci, maci amana. Ranar Talatar ya ɗaga sifana da hannu biyu. Marigayin ya ce "ƙas". Bai ƙara cewa komai ba.

Mai wayarin, wato mai gyaran lantarkin mota, ya duba gawar a garejinsa bayan an tura motar can, Anti na tsaye da jakarta a hammata. Ya ce haƙorin marigayi ya ɗan ci wuya amma yana nan, burushi lafiya, waya lafiya. Maganaɗisun cikinsa ne ya tarwatse kamar an taka faranti, kuma guduma ko sifana kaɗai ke yin wannan aika-aika. Sannan ya haska fitila ta ramin da aka cire shi, ya nuna musu fulawil: wuri guda duk giɓi, kamar bakin tsoho. In inji ya tsaya a kan giɓin, marigayi ya miƙa haƙori ya kama iska. In ya tsaya a wuri mai kyau, mota ta tashi, a yaba wa sifana. Da aka tambayi abin da ke cinye haƙoran, ya ce murɗa makulli alhali inji na aiki.

Nan Kawu ya tuna kansa a ƙofar kowane shago, waya a kunne, rediyo a ƙure, yana sake murɗa makulli don bai ji inji na tafiya ba. Ya tuna "ƙarrr" ɗin da yake ji ya yi tsaki ya wuce. Ashe kuka ne. Anti dai ta buɗe but ta ɗauke sifanar ta sa a jaka.

Marigayi ya bar abokin zamansa Batir, wanda aka taɓa zarga har aka kai shi caji ba laifin tsaye ba na zaune. Da Fulawil, da ke kwance yana jiran a sauke giyabos a yi masa aiki. Da Makulli, wanda ya ga komai.

Mai sayen tsoffin ƙarafa ya zo ɗaukar gawa, Kawu ya hana. Za a kwantar da marigayi gobe da safe a bayan tayar baya, ya zama waigin da zai tokare ta, tunda motar na kan gangare ba ranar tashi. Ana karɓar gaisuwa a nan ƙofar gida, amma a zo da wuri. Ƙarfe bakwai mai keke zai iso, kuma Anti ta ce Kawu ne zai zauna a baya, ya rungume kiret a cinya.